Yankari ko Masai Mara: ina ya dace a kai iyali kallon namun daji?

Baban Amira, Kano:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan wata tafiya da muka daɗe muna tanadi dominta. Shekara biyu ke nan ina yi wa yara alkawarin cewa zan kai su su ga giwa da zaki a cikin dajinsu, domin duk abin da suka sani game da namun daji bai wuce wanda suka gani a bayan waya a gidan zu na nan Kano da kuma na talabijin ba. Mu shida ne za mu tafi: ni da maiɗakina, da yara uku masu shekara 13 da 9 da 5, sai kuma mahaifiyata, wadda ta ce ita ma ba za a bar ta a gida ba, tunda rabonta da ganin giwa tun tana yarinya a ƙauyensu. Lokacin da ya fi mana sauƙi shi ne watan Agusta, saboda a nan ne dogon hutun makaranta ya haɗu da hutun da nake samu a wurin aiki.

Inda hankalina ya rabu shi ne, maiɗakina tana son mu je Kenya, domin ta ga hotunan wata ƙawarta da ta je Masai Mara, ni kuwa ina ganin abin kunya ne mutum ya tsallake Yankari da ke nan kusa da mu ya kwashi kuɗi ya kai wata ƙasa. Ina roƙon waɗanda suka taɓa zuwa ɗaya daga cikin wuraren nan, ko wani wurin daban, su faɗa mini gaskiyar abin da idonsu ya gani, da abin da aljihunsu ya ji.

Kawu Mai Ritaya, Bauchi:

Wa alaikumus salam, Baban Amira. Allah ya saka maka da alheri da ka tuna da mahaifiya a cikin wannan shiri. Ni mutumin Bauchi ne, na shiga Yankari ya fi a ƙirga tun muna samari, kuma ba zan ɓoye maka ba, zuciyata tana tare da ra'ayinka, domin gida bai ƙoshi ba ba a kai wa dawa. An keɓe dajin nan tun 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, ya zama gandun tarayya a 1991, sannan aka mayar wa gwamnatin jihar Bauchi da shi a 2006. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244, kuma garken giwayen da ke cikinsa yana daga cikin mafi girma da suka rage a Najeriya. Akwai ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza da mazo, akwai dorina da kada a kogin Gaji, ga birai da mugun dawa waɗanda su kam har ƙofar ɗakinka za su zo.

Sai dai duk da son da nake yi wa wurin, ba zan ba ka shawarar ka kai iyalinka Yankari a watan Agusta ba. Agusta tsakiyar damina ce. Ciyawa takan yi tsawon da za ta shanye mota, ganye ya rufe ko'ina, kuma kowane kwari da kowace fadama ta cika da ruwa, don haka dabba ba ta da dalilin da zai sa ta fito bakin kogi ta sha. Giwa tana iya tsayawa taku ashirin daga hanya ku wuce ba ku sani ba, ga wasu hanyoyin cikin dajin da laka kan hana mota bi. Sirrin Yankari shi ne kogin Gaji: idan rani ya yi nisa, tafkuna suka ƙafe, dole kowace dabba ta gangaro can, kuma a lokacin ne ake ganinsu. Wannan yana farawa daga ƙarshen Disamba, yana ƙaruwa har zuwa Afrilu. Na taɓa raka wasu baƙi da suka dage sai sun shiga da damina, muka yi awa biyu muna yawo, abin da muka gani bai wuce gwambaza uku da wutsiyar wani mugun dawa da ya ruga cikin ciyawa ba. Yaran da ke cikin motar sun koma suna cewa babu komai a Yankari, alhali dabbobin suna nan, lokacin ne ba nasu ba.

Game da zaki kuma, kada ka ɗaukar wa yara alkawarin ganinsa a nan. Akwai su, amma 'yan kaɗan ne ƙwarai, kuma mutum yana iya zuwa sau goma bai yi arba da ko ɗaya ba.

Maman Faruk, Abuja:

Kawu ya yi adalci, kuma maganarsa ita ce hujjar maiɗakinka, Baban Amira. Idan har Agusta ce ba makawa, to Masai Mara ce amsarka, domin watan da ya fi muni a Yankari shi ne ya fi kyau a can. Na je da yarana biyu a irin wannan lokaci. Daga Yuli zuwa Oktoba ne garken wata dabba da Suwahilawa ke kira nyumbu, mai kama da siririn sa mai gemu, yake ƙaura daga Serengeti ta Tanzaniya zuwa Mara, su fiye da miliyan ɗaya, tare da jakunan dawa da bareyi masu ɗimbin yawa. Mun tsaya a bakin kogin Mara tun wajen ƙarfe tara na safe, dabbobin suka taru a gaɓa suna leƙen ruwa suna komawa, kamar mutanen da ke jiran wani ya fara shiga kwalekwale. Sai da muka yi kusan awa uku, har ƙaramin ɗana ya yi barci, sannan guda ɗaya ta faɗa ruwan, nan take dubbai suka biyo ta, ƙura ta tashi, kukansu ya cika wurin, kadoji kuma suna jira a ƙasa. Direbanmu ya gaya mana cewa mun yi sa'a, domin akwai masu kwana uku suna jira ba su ga an tsallaka ba. Zaki kuwa mun gan shi a ranar farko, uwa da 'ya'yanta suna kwance a inuwa, ko kallon motarmu ba su yi ba.

Abubuwan da mu Musulmi muke damuwa da su ba su ba ni wahala ba. A Nairobi akwai babban masallacin Jamia a tsakiyar gari, ga unguwar Eastleigh cike da gidajen abinci na Somaliyawa, kuma a masaukin daji idan ka sanar tun kafin ka zo za a shirya maka abincin halal, ko ka tsaya a kan kifi da kayan lambu. Jirgi yana tashi kai tsaye daga Legas zuwa Nairobi cikin kimanin awa biyar, ko kuma ku tashi daga nan Kano ta Addis Ababa. Daga Nairobi zuwa Mara tafiyar awa biyar zuwa shida ce a mota ta garin Narok, ko ƙasa da awa ɗaya a ƙaramin jirgi. Ku tafi da rigunan sanyi masu kauri, musamman saboda Hajiya mahaifiyarka, domin ƙasar tudu ce, kuma sanyin asubahin Agusta a can ya yi daidai da na tsakiyar hunturu a Jos.

Malamin Jogarafi, Zariya:

Ina so in ƙara haske a kan dalilin da ya sa maganar Kawu da ta Hajiya Maman Faruk suka zama gaskiya a lokaci guda. Mu a nan damina ɗaya muke da ita, daga wajen Mayu ko Yuni zuwa Satumba ko Oktoba. Kenya da arewacin Tanzaniya kuwa suna kan layin da ya raba duniya biyu ko kusa da shi, damina biyu suke yi: babba daga Maris zuwa Mayu, ƙarama a wajen Nuwamba da Disamba, abin da ke tsakaninsu daga Yuli zuwa Oktoba rani ne. A kudancin Afirka ma, kamar gandun Kruger na Afirka ta Kudu ko Chobe na Botswana, daga Mayu zuwa Satumba ne lokacin sanyi da fari. Ƙa'idar ɗaya ce a ko'ina, inda ruwa ya yi ƙaranci nan dabbobi ke taruwa. Saboda haka wanda zai zaɓi wuri ya fara duba watan da yake da shi a hannu kafin ya duba sunan ƙasa.

Amma Hajiya ba ta taɓo maganar kuɗi ba, kuma a nan gizo ke saƙar. Tun daga 2024 kuɗin shiga Masai Mara ga babban mutum baƙo ya zama dala 200 a kowace rana daga Yuli zuwa Disamba, da dala 100 daga Janairu zuwa Yuni. Ku manya uku ne, idan za ku yi kwana uku a ciki, dala 1,800 ke nan kuɗin ƙofa kawai, ba a sa na yara ba, ba a sa jirgin mutum shida ba, ba masauki, ba mota da direba, kuma duk waɗannan a Agusta suke kai ƙololuwar tsadarsu saboda Turawa ma lokacin hutunsu ne. Baban Amira ya san yadda dala take da naira, shi zai yi wannan lissafi. Sannan cunkoso: a bakin kogin nan da Hajiya ta kwatanta, motoci sukan yi jerin gwano da yawa, kowa yana neman gurbin da zai ɗauki hoto, har masu kula da dajin suna kokawa cewa motocin suna tare wa dabbobin hanya.



Maman Faruk, Abuja:

Malam, ban musa tsadar ba, na ji ta a jikina, sai da na yi shekara guda ina adashe. Abin da nake cewa shi ne, wanda ya yi wa yaro alkawarin zaki ya kai shi inda zaki yake. Kuma ba dole sai Mara ba. Gandun Nairobi yana nan a bakin birnin, bai fi tafiyar 'yan mintuna ba, akwai zaki da karkanda da raƙumin dawa da ɓauna, kana kallonsu kana hango dogayen benaye a bayansu, giwa ce kawai babu. Idan giwa ake so sai a gangara Amboseli, inda garkunansu ke kiwo a gindin dutsen Kilimanjaro, kuma kuɗin shigarsa bai kai na Mara ba. Kishin gida abu ne mai kyau, amma kishi ba ya sa zaki ya fito daga ciyawa.

Kawu Mai Ritaya, Bauchi:

Hajiya, Allah ya huci zuciyarki, ai ni na fara faɗin cewa zakinmu ba a ganinsa. Abin da nake jin takaicinsa kawai shi ne, 'ya'yanmu sun san sunan Serengeti amma ba su san cewa a Gashaka Gumti da ke Taraba da Adamawa, gandun da ya fi kowanne girma a Najeriya, akwai birai masu kama da mutane da dutsen Chappal Waddi mai tsawon mita 2,419 ba. Ba zan tura Baban Amira can ba, domin wurin na masu ƙarfin tafiya a ƙafa ne, ba na tsohuwa da ɗan shekara biyar ba. Amma ko raƙumin dawa da jakin dawa ake so, ga dajin Sumu nan a ƙaramar hukumar Ganjuwa, inda aka zuba dabbobin da aka kawo daga Namibiya a 2006, kuma yana kusa da hanyar da za su biyo daga Kano ta Ningi. Kowace naira da aka biya a ƙofar gandunmu ita ce ke nuna wa hukuma cewa dajin yana da amfani a raye, idan kuwa muka ƙaurace masa, mafarauta da masu saran itace ne za su gaje shi.

Ɗan Zango, Tamale:

Gaisuwa ga iyayenmu da yayyenmu na wannan zaure. Ina neman izini in sa Gana a cikin lissafi, ko ba don wannan tafiyar ba. Gandun Mole shi ne mafi girma a ƙasar nan, yana kusa da garin Damongo, kimanin awa biyu da rabi zuwa uku daga Tamale a mota. Abin da ya bambanta shi da sauran wuraren da aka ambata shi ne ana shiga a ƙafa. Da sassafe ma'aikacin daji mai bindiga yakan ja ku, ku gangara daga tudun da masauki yake zuwa tafkunan da ke ƙasa, ku tsaya nesa kaɗan kuna kallon giwaye suna wanka suna watsa wa bayansu laka. Na tsaya a wurin har ina jin ƙugin cikin wani toron giwa, ƙafafuna suna rawa, ma'aikacin yana yi mini alama da hannu cewa in yi shiru kada in motsa. Wanda ba ya iya tafiya, kamar Hajiya babba, yana iya zama a kujera a bakin tudun ya hango su daga sama ba tare da ya taka ko'ina ba.

Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza zuwa Gana, kuɗin shiga ba shi da yawa, kuma ba za ku yi baƙunta ba, domin a Tamale da kowane zango za a amsa muku da Hausa. A kan hanyar shiga gandun akwai ƙauyen Larabanga da tsohon masallacinsa na ƙasa, wanda ake lissafawa cikin mafiya daɗewa a Afirka ta Yamma. Sai dai gaskiya ɗaya ce, daminarmu da taku lokaci guda suke zuwa, don haka abin da Kawu ya faɗa game da Agusta ya hau kan Mole ma, kuma zaki a nan labarinsa kawai ake ji.

Ba'adare, Yamai:

Ni abin da zan ƙara shi ne maganar tsaro, domin ban ga an ba ta haƙƙinta ba. Da a ce shekaru goma sha biyar da suka wuce aka yi wannan tambaya, da na ce ku zo Nijar. A Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, akwai raƙuman dawa na Afirka ta Yamma na ƙarshe da suka rage a duniya, masu hasken fata, suna yawo a cikin gonakin gero tare da manoma, babu shinge babu waya. A 1996 guda 49 kacal suka rage, aka tashi tsaye aka kare su har suka haura 600, kuma a 2018 aka ɗebi takwas aka kai Gadabeji da ke jihar Maraɗi domin kada ƙwai ya taru a kwando ɗaya. Amma a ranar 9 ga Agusta 2020 'yan bindiga suka kashe Faransawa shida ma'aikatan agaji da 'yan Nijar biyu a wannan wuri, tun daga nan harkar ziyara ta durƙushe. Haka gandun W da muke tarayya da Benin da Burkina Faso, da gandun Pendjari na Benin inda aka sace Faransawa biyu aka kashe ɗan rakiyarsu a 2019, duk masu ɗauke da makamai sun addabi yankin. Waza ta arewacin Kamaru ma ba ta koma daidai ba tun da aka sace wasu iyalin Faransawa a kusa da ita a 2013.

Ban faɗi wannan don in tsorata kowa ba. Abin nufi shi ne, tsohon labari ba ya isa a yanke shawara da shi. Duk inda aka zaɓa, har da Yankarin Kawu, a kira mutumin da ke zaune a wurin a makon tafiya a tambaye shi halin da hanya take ciki, kuma kada a yi tafiyar dare.

Abu Hawwa, Injamena:

Tunda an zagayo maƙwabta, bari in faɗi namu. Gandun Zakuma yana kudu maso gabashin Chadi, kusa da garin Am Timan, an kafa shi a 1963. A 2002 yana da giwaye fiye da 4,000, amma mafarautan hauren giwa masu zuwa a kan dawakai suka yi ta karkashe su har suka koma wajen 450 a 2010, shekarar da gwamnati ta damƙa kula da shi ga ƙungiyar African Parks. Ba a samu sauƙin abin a banza ba, domin a 2012 an harbe masu gadin daji a wani wuri da ake kira Heban suna cikin sallar asuba. Yanzu giwayen sun koma haihuwa, yawansu yana ƙaruwa, ga garkunan ɓauna, ga zakuna da ake gani sosai, ga kaso mai yawa na raƙuman dawan Kordofan da suka rage a duniya. A watan Maris da Afrilu, idan ruwa ya janye, gauraki da sauran tsuntsaye kan rufe fadamun, tsuntsayen jan baki kuma su taso da yamma kamar hadari.

A ganina babu inda ya kai shi a duk wannan yanki namu. Amma yana da nisa, tafiyar yini guda cur ce a mota daga Injamena, kuma da damina ruwa yana malale shi har a rufe masaukai, saboda haka Agusta ba ta cikin magana. Wuri ne na wanda ya riga ya ga wasu wuraren yana neman ƙari.

Baban Amira, Kano:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na fahimci cewa tun farko na gina tambayata a karkace, domin na ɗaure kaina da Agusta sannan ina neman wurin da ba na Agusta ba. Na zauna na yi lissafin da Malam ya ce, kuma kuɗin Mara na mutum shida ya ninka abin da muka tara. Yanzu tambayoyina biyu ne. Idan na nemi a raba mini hutuna, wanne ya fi tsakanin hutun yara na Disamba da na Afrilu don zuwa Yankari, la'akari da cewa mahaifiyata tana fama da ciwon gwiwa kuma ba ta jure zafi? Sannan idan Allah ya hore muka fita waje a wata shekarar, akwai wurin da za a ga zaki da kuɗin da bai kai na Mara ba?

Maman Faruk, Abuja:

Tambaya ta biyu tawa ce. Ka duba Akagera a gabashin Ruwanda, awa biyu da rabi daga Kigali a kan titi mai kyau. Bayan yaƙin 1994 dajin ya lalace, zakunansa suka ƙare, sai a 2015 aka kawo guda bakwai daga Afirka ta Kudu suka hayayyafa, a 2017 aka dawo da baƙar karkanda, a 2021 aka ƙara da farare 30. Yanzu ana samun manyan nan biyar da masu yawon daji ke ƙirgawa, wato zaki da damisa da giwa da ɓauna da karkanda, kodayake sai an yi haƙuri an nema, ba kamar Mara ba. Akwai yawo a jirgin ruwa a tafkin Ihema, inda Hajiya za ta zauna abinta tana kallon dorina da kada ba tare da girgizar mota ba. 'Yan Afirka suna samun izinin shiga Ruwanda a filin jirgi, kuma akwai jirgi daga Legas zuwa Kigali. Kada dai a ruɗe ka da zuwa ganin gwaggon birin kan duwatsu, domin takardar izininsa ta baƙi takan kai dala 1,500 ga mutum ɗaya don ziyarar awa guda, kuma ba a barin wanda bai kai shekara 15 ba.

Gargaɗi biyu daga abin da ya same ni. Ku tafi da katin allurar shawara na kowa da kowa, har ƙaramin. Na biyu, kada ka tura wa dillalin tafiya kuɗi gaba ɗaya. Wani da na samu ta intanet ya karɓi kuɗina a kan cewa masaukinmu yana cikin gandu, muka isa muka tarar yana wajen ƙofa da tafiyar kusan awa guda, kullum sai rana ta fito muke shiga, alhali da sanyin safiya ne dabbobi ke yawo. Ka sa a rubuta maka sunan masauki, da ko kuɗin ƙofa yana ciki, da yawan mutanen da za a haɗa ku da su a mota. Kuma Kenya da Ruwanda duk sun haramta leda, kada a ƙulla wa Hajiya goro ko dambu a cikinta.

Kawu Mai Ritaya, Bauchi:

Idan don dabba ce zalla, Afrilu ta fi, domin a lokacin daji ya bushe ƙurmus, kana hango nesa, kuma giwaye ba sa nisa da Gaji. Amma zafin Afrilu a can ba na wasa ba ne, kuma tunda ka ce Hajiya ba ta jure shi, ni zan zaɓa muku ƙarshen hutun Disamba, wato kwanakin farko na Janairu kafin a koma makaranta, lokacin da jama'ar Kirsimeti da sabuwar shekara suka fara watsewa. Fabrairu da Maris sun fi wannan kyau, sai dai babu hutun yara, kuma a 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa cikinsu. Za ku ga abin da ya ragu kaɗan a kan na Afrilu, kuma hazo na iya dusashe hoto, amma tsohuwa za ta yi barci da daɗi.

Ku baro Kano da sassafe ku yi azahar a Bauchi, ku ɗauki hanyar Gwambe, ku karkata a Dindima zuwa ƙofar da ke Mainamaji. Daga ƙofar zuwa sansanin Wikki akwai sauran fiye da kilomita 40 a cikin daji, don haka ku cika tanki tun daga Bauchi, kuma ku shiga da sauran rana. Maganar Ba'adare gaskiya ce, an sha jin rahoton 'yan bindiga a wasu ƙauyukan ƙaramar hukumar Alkaleri, saboda haka ka kira ni a makon in tambayo maka. Ku kama ɗaki tun da wuri, ba a fafe gora ranar tafiya. Ku yi kwana biyu aƙalla domin ku samu fita sau uku ko huɗu, kuma ku fi ba fitar asuba muhimmanci, ku nemi a kai ku kogunan Marshall da aka sassaƙa a jikin dutse. A sa wa yara tufafi masu dogon hannu, a guji baƙi da shuɗi saboda ƙudan tsando yana bin su.

Ga gwiwar Hajiya kuwa, ruwan Wikki yana fitowa daga ƙarƙashin dutse da ɗuminsa na digiri 31, dare da rana, rani da damina, garau har kana ƙirga yatsun ƙafarka a kan farin yashi. Akwai matakala kafin a sauka, sai a riƙe ta a hankali. Idan mata suna son sakewa, su je bayan sallar asuba kafin jama'a su taso, a lokacin tururi yana tashi a kan ruwan saboda sanyin hunturu.

Baban Amira, Kano:

Na karanta wa maiɗakina da Hajiya duk abin da kuka rubuta. Mun tsaya a kan Yankari a farkon Janairu, tare da tsayawa a Sumu a hanyar dawowa saboda raƙumin dawa, abin da ya rage na kuɗin kuma za mu bar shi a asusu mu ci gaba da tarawa domin Akagera ko Kenya a wani Agustan, lokacin da ƙaramin zai yi wayon da zai riƙe abin da ya gani. Maiɗakina ta amince da sharaɗin cewa in rubuta alkawarin a takarda. Na gaya wa yaran gaskiya cewa giwa muna sa rai, zaki kuwa sai wani jiƙon, babbar ta ɓata rai amma ta haƙura. Hajiya ta ce in tambayi Kawu ko za ta iya tafiya da dambun nama da ƙuli-ƙulinta, domin ba ta yarda da abincin masauki ba.

Kawu Mai Ritaya, Bauchi:

Ka gaishe mini da Hajiya, ka ce mata ta taho da su, amma a zuba a cikin kwano mai murfi, a sa a akwati, a kulle a ɗaki, a kuma rufe taga. Birai na sansanin Wikki sun san ƙarar leda, sun san yadda ake buɗe ƙofar mota idan ba a datse ta ba. A gabana wani ƙato ya sauko daga bishiya ya fizge burodi daga hannun jikata, ya hau rufin ɗaki ya zauna yana ci yana kallonmu. Kada yara su riƙe abinci a fili, kada kuma su bi shi idan ya ƙwace. Ka turo mini ranar da kuka tsayar, in Allah ya yarda zan tare ku a Bauchi mu yi azahar tare kafin ku wuce.